Yadda Ake Ƙarfafa Farfela da Kuros a Motar Shiga Daji

Duk wanda ya ɗaga motarsa sama, ya saka mata manyan tayoyi domin ta iya ratsa yashi da laka da hawan duwatsu, ya riga ya sauya wa farfela yanayin aikinta ko da bai taɓa ta da sifana ba. Farfela ita ce doguwar sandar ƙarfen nan da ke ɗauko juyi daga akwatin tiransifa, wato akwatin giyar da ke raba juyi tsakanin tayoyin gaba da na baya, ta kai shi difaranshal na gaba ko na baya, wato giyar da ke tsakiyar aksil mai raba juyi ga tayoyin hagu da dama, kuros kuwa shi ne ƙarfe mai ƙafa huɗu da ke kowane ƙarshenta, wanda ke ba ta damar ci gaba da juyawa alhali aksil yana hawa yana sauka. Alamun da ke biyo bayan ɗaga mota sanannu ne: karkarwa a ƙarƙashin kujera, ƙarar bugun ƙarfe idan an saka giya ko an ɗage ƙafa daga totur, siririn ƙara kamar kukan tsuntsu a ƙaramin gudu, da jan gari mai kama da tsatsa a bakin kofunan kuros, wato murafan ƙarfen da ke rufe ƙafafunsa huɗu. Abin da mutane da yawa ke fara yi shi ne neman kuros mafi girma, ni kuwa a ganina sun soma daga inda ya kamata su ƙare. Yawancin kuros ɗin da ke mutuwa da wuri ba ƙanƙanta ce ta kashe su ba, kusurwar da aka tilasta musu yin aiki a kai ce, sai kuma rashin giris. Saboda haka awo ne farkon wannan aiki, saye daga baya yake zuwa.

Abin da ya kamata a fahimta kafin a kwance noti ko ɗaya

Kuros yana da wata ɗabi'a da aka sani tun ƙarni na 17, lokacin da masanin kimiyyar nan na Ingila, Robert Hooke, ya yi nazarinsa. Idan sanduna biyu da kuros ya haɗa ba a layi ɗaya suke ba, to ko da ta farko tana juyawa da gudu ɗaya tak, ta biyun za ta riƙa yin sauri tana sassautawa har sau biyu a kowane zagaye. A kusurwar digiri 10 bambancin bai wuce kashi ɗaya da rabi cikin ɗari sama ko ƙasa ba, a digiri 20 ya kai kusan kashi 6, a digiri 30 kuwa yana kaiwa kusan kashi 15. Wannan fizge-fizgen shi ne karkarwar da direba ke ji, kuma shi ne ke cin ƙananan alluran da ke jere a cikin kofunan kuros.

Dabarar da masu ƙera motoci ke bi ita ce a sa kuros biyu, ɗaya a kowane ƙarshe, ta yadda na biyu zai warware abin da na farko ya jawo. Sharuɗɗa biyu ne ke sa hakan ya yiwu. Na ɗaya, kusurwar kuros ɗin biyu ta zama daidai da juna, bambancinsu kada ya wuce digiri ɗaya. Na biyu, kunnuwan yok ɗin da ke ƙarshen farfela biyu, wato ƙarfen nan mai kunne biyu da ke riƙe kuros, su kasance a layi guda. Ana kuma son kowane kuros ya yi aiki a kusurwar da ba ta gaza rabin digiri ba, domin idan ya miƙe sambal allurai ba za su riƙa mirginawa ba, sai su tsaya wuri ɗaya su yi wa ƙafar kuros zane. Kusurwa mafi dacewa ga tsawon rai ita ce wadda ba ta wuce digiri 3 ba, kuma gwargwadon saurin farfela, gwargwadon ƙarancin kusurwar da za ta iya jurewa. Jadawalin kamfanin Spicer ya nuna cewa a zagaye 5,000 cikin minti ba a son a wuce digiri 3 da kwata, a zagaye 3,000 kusan digiri 6, a zagaye 1,500 kuwa digiri 11 da rabi. Domin a ga inda mota ta faɗa, a ɗauki mai taya inci 33 da difaranshal mai giya 4.56: idan tana tafiyar kilomita 100 cikin awa, farfelarta na yin zagaye kusan 2,900 a minti. Irin wannan mota idan aka ɗaga ta har kusurwar ta kai digiri 12 ko 15, babu girman kuros ɗin da zai hana ta karkarwa.

Mataki na farko: a tsare motar, a duba abin da ke akwai

A ajiye motar a daɓe mai shafe, a datse tayoyi gaba da baya da katako ko ƙarfen datsa. Wannan ba abin sakaci ba ne, domin da zarar an cire farfelar baya, giyar da aka bar motar a ciki ta daina riƙe ta, kuma a motocin da birkin hannunsu ke jikin akwatin tiransifa, kamar tsohuwar Land Rover Defender, birkin hannun ma ya daina aiki a kan tayoyi. Idan za a ɗaga motar, a ɗora ta a kan matokaran ƙarfe, kada a shiga ƙarƙashinta jak kaɗai na riƙe da ita, kuma kada wani ya kusanci farfela alhali inji na aiki.

A saka giya a furi, a kama farfela da hannu biyu kusa da kowane kuros, a girgiza ta sama da ƙasa, a murɗa ta hagu da dama. Kuros mai lafiya ba shi da wasa ko kaɗan. A duba wurin zamewar farfela, inda haƙora ke shiga cikin juna, a ga ko yana lilo. A bi bututun da ido a nemi lotsawa, da gurbin da ƙaramin ƙarfen balansin ya ɓalle, da wuraren da suka yi sheƙi a kunnuwan yok, domin sheƙin nan shaida ce cewa yok yana dukan ɗan'uwansa idan aksil ya sauka ƙasa sosai. A kuma girgiza yok ɗin difaranshal da na tiransifa su kaɗai. Idan wasan daga boris ɗinsu yake, sabuwar farfela ba za ta magance komai ba sai an gyara shi tukuna.

Mataki na biyu: awo

Ana auna kusurwa ne motar tana tsaye a kan tayoyinta, ɗauke da irin nauyin da ta saba ɗauka, ba tana rataye a kan jak ba. Da ma'aunin kusurwa mai maganaɗisu za a ɗauki lambobi uku: karkatar bakin tiransifa, karkatar farfela kanta, da karkatar finiyon, wato sandar da ke shiga difaranshal. Ana ɗora ma'aunin a fuskar filanji, wato faifan ƙarfen da ake ɗaure farfela a jikinsa da kusoshi, ko a bayan kofin kuros bayan an juya shi ya kalli ƙasa, a kan wuri mai tsabta da babu datti ko tsatsa. Misali, idan bakin tiransifa ya sunkuya digiri 4, farfela ta sunkuya digiri 13, finiyon kuma ya ɗaga kai digiri 3, to kuros na sama yana aiki a digiri 9, na ƙasa a digiri 10. Sun yi kusa da juna, amma dukansu sun yi yawa ga motar da za ta yi gudu a kwalta.

Bayan haka sai tsawo. A auna daga tsakiyar kuros zuwa tsakiyar kuros, ko daga fuskar filanji zuwa fuskar filanji, gwargwadon yadda mai haɗa farfelar ya nema, kuma a yi awon sau uku: motar na tsaye, sannan an ɗaga shasi har aksil ya rataya iyakarsa, sannan an danne aksil sama har ya taɓa robar tsayawa. Bambancin da ke tsakanin awo mafi tsawo da mafi gajarta shi ne zamewar da farfela ke buƙata, a kuma ƙara mata rara ta kimanin santimita 2 a kowane ɓangare. Ina matsa wa mutane a kan wannan awo domin kuskurensa ya fi kowane tsada. Farfelar da ta yi gajarta za ta zare daga haƙoranta a tsakiyar rami ta faɗo, wadda ta yi tsawo kuma za ta tokare idan aksil ya hau, ta tura dukan nauyin motar cikin akwatin tiransifa har ta iya fasa shi.

Mataki na uku: zaɓen irin farfela

Idan ɗagawar kaɗan ce kuma farfelar doguwa ce, sau da yawa mai kuros biyu ta isa, muddin an daidaita finiyon da bakin tiransifa suka zama a jere kamar layukan dogo. Idan kuwa farfelar gajera ce, kamar ta bayan motoci masu gajeren shasi, kuma kusurwa ta yi tsanani, sai a koma ga mai tagwayen kuros a ƙarshen da ke wajen tiransifa. A wannan iri, kuros biyu ne manne da juna da wata ƙwallo a tsakaninsu da ke raba kusurwar gida biyu daidai, don haka suna warware fizgar juna tun a wurin. Sai dai tana zuwa da nata sharaɗin, wanda ya sha bamban da na farko: tun da kuros na ƙasa ya rage shi kaɗai ba mai warware masa, dole ne a ɗaga finiyon ya kalli tiransifa, ya zama kusan a layi ɗaya da farfela. Wanda ya sa farfela mai tagwayen kuros ya bar finiyon a yadda yake, ya kashe kuɗi ne ya ƙara wa kansa karkarwa.

Akwai motocin da wurin zamewarsu ke cikin wutsiyar tiransifa, ba a jikin farfela ba, kamar Jeep Wrangler samfurin YJ da TJ da Cherokee XJ masu akwatin NP231. A waɗannan, kafin a sa mai tagwayen kuros ana musanya wutsiyar da gajera mai kafaffen yok, abin da ke ƙara wa farfela tsawo ya rage mata kusurwa, ya kuma ba da damar cire ta ba tare da mai ya zuba ba. Motocin Toyota Land Cruiser da Land Rover Defender filanji ne da su tun daga kamfani, zamewarsu na jikin farfela, don haka ba sa buƙatar wannan sauyi.

Game da girman kuros, jerin lambobin Spicer ne aka fi bi wajen farfelar da ake haɗawa ta musamman. Mai lamba 1310 kaurin kofinsa milimita 27 ne, faɗinsa kusan 82. Mai lamba 1330 kofinsa ɗaya da na 1310, amma faɗinsa 92. Mai lamba 1350 kofinsa ya ɗan haura milimita 30, faɗinsa 92, shi kuwa 1410 kofinsa ɗaya da na 1350 amma faɗinsa ya kai 106. Motocin Japan da yawa suna da nasu ma'aunin daban, saboda haka a auna tsohon kuros da ma'aunin kauri, a kuma lura ko kilif ɗinsa, wato zoben ƙarfen da ke hana kofi fita, na ciki ne ko na waje, kafin a sayi wani. Domin sanin nauyin da kuros ke ɗauka, a ninka ƙarfin murɗar inji, wanda ake aunawa da niyutan-mita, da giya ta ɗaya da giyar ƙarfi ta tiransifa: inji mai niyutan-mita 300, da giya ta ɗaya mai 4, da giyar ƙarfi mai 2.72, na iya aika fiye da 3,200 zuwa farfela, kuma idan tayoyin gaba suna rataye a iska, ta baya ce za ta sha kusan dukansa. Ƙara taya daga inci 29 zuwa 35 ba tare da sauya giyar difaranshal ba na ƙara wa farfela nauyin kusan kashi 20 cikin ɗari kafin taya ta sulɓe.

Duk da haka ba na goyon bayan a tsallaka zuwa mafi girma haka kawai. A kowace mota akwai abin da zai fara karyewa idan ƙarfi ya wuce kima, kuma gara ya zama kuros, wanda ake iya sauyawa a gefen hanya cikin awa guda, da ya zama finiyon ko sandar tiransifa. Ga mota marar nauyi mai matsakaitan tayoyi, kuros 1310 mai inganci yana isa. Mota mai nauyi, ko mai tayoyin inci 37 zuwa sama da makullin difaranshal mai tilasta wa tayoyin hagu da dama juyawa tare, ita ce ta cancanci 1350, kuma idan an yi haka sai a sauya yok ɗin da ke ɓangarorin biyu su dace da shi. Kuros mai haɗa girma biyu, wanda ƙafafunsa biyu na 1310 ne biyu kuma na 1350, yana fitar da mutum daga matsala, amma ƙarfinsa bai wuce na ƙaramin ɓangarensa ba.

Sai batun mai shan giris da marar sha. Marar sha ba a huda cikinsa ba, don haka ya fi ƙarfi, robobinsa kuma sun fi rufewa. Mai sha yana da amfani ga wanda ke yawan shiga ruwa da laka, domin sabon giris na koro ruwan da ya shiga, amma da sharaɗin mai motar zai riƙa yi masa giris ɗin a kan kari. Wanda ya san ba zai yi ba, marar sha ya fi masa alheri.

Bututun farfela ma abin dubawa ne. Na kamfani yawanci kaurin bangonsa kusan milimita 2 ne, na shiga daji kuma ana yin sa milimita 3, masu hawan duwatsu zalla har suna kaiwa 5 ko 6. Ƙarfe ya fi alminiyom jure gogar dutse. Amma nauyi na sa balansin ya yi wuya, kuma doguwar farfela tana da wani gudu da idan ta kai shi take fara lanƙwasa kamar bulala. Abin da ke ɗaga wannan iyaka shi ne faɗin bututun, ba kaurin bangonsa ba, shi ya sa dogayen motoci ke amfani da bututu mai faɗi ko farfela mai gaɓa biyu da boris a tsakiya. Yanka da walda da balansin aikin masu injin farfela ne, ba a yin sa da ido a gareji.

Mataki na huɗu: cire tsohuwar farfela da sauya kuros

Kafin a kwance komai, a yi alama da fenti a kan yok da filanji, da kuma ɓangarori biyu na wurin zamewa, domin komai ya koma yadda yake. Alamar nan na da muhimmanci ƙwarai, domin akwai motocin da kamfani ya karkatar da kunnuwan farfelar gabansu da gangan, kamar wasu samfuran Land Rover. A fara kwance ƙarshen difaranshal, a tallafe farfela kada ta faɗi, a naɗe kofunan kuros da salatif don kada su zube. Idan mai zarewa daga wutsiyar tiransifa ce, a ajiye kwano domin man da zai ɗiga.

A cire kilif guda huɗu da filaya, a fesa man sassauta tsatsa. Wasu kuros na asali na kamfanin General Motors ba kilif ke riƙe su ba, narkakkiyar roba ce aka ɗura, sai an gasa kunnen yok a hankali ta fito, kuma a kau da fuska lokacin. A saka yok a bais, wato ƙarfen matse abu da ke kafe a kan tebur, a ɗora soket ƙarami a kan kofi ɗaya, soket babba da kofi zai iya shiga cikinsa a ɗaya gefen, a matse har kofin ya fito, a kama shi da filaya a zare, sannan a juya a turo ɗayan. Kada a taɓa matse bututun farfela a bais, domin lotsawa kaɗan ta isa ta ɓata balansin. A goge ramukan kunnuwa da gurbin kilif har su yi fes, a shafa yatsa a ji ko akwai kaifi. Idan sabon kofi na shiga ramin ba tare da matsi ba, ko kunnuwan sun buɗe, yok ɗin ya gama aiki.

Wurin da aka fi yin ɓarna shi ne saka sabo. A cire kofuna biyu masu fuskantar juna, a duba allurai suna tsaye a jere manne da giris. A saka kuros a cikin yok, a tura ƙafa ɗaya ta leƙo ta ramin kunne, a ɗora mata kofi ta yadda ƙafar na cikin kofin tun kafin a fara matsawa, domin ita ce ke hana allurai faɗuwa. A matsa kofin ya ɗan wuce gurbinsa, a saka kilif, sannan a ja kuros zuwa ɗaya gefen ya zama ƙafafun biyu na cikin kofunansu rabi da rabi, a matsa na biyu a hankali ana motsa kuros da hannu. Idan gurbin kilif na biyu ya ƙi bayyana, kada a ƙara ƙarfi. Kusan ko yaushe allura ɗaya ce ta kwanta a gindin kofi, kuma matsawa za ta karya ta ko ta fasa kofin, don haka a kwance a tayar da ita. Bayan kilif duka sun zauna, a ɗan bugi gindin kunnuwan yok da guduma domin kofuna su koma su jingina da kilif, sai kuros ya saki, ya riƙa motsi lami lafiya ba tauri ba wasa. Idan mai shan giris ne kuma nonon giris ɗin na tsakanin ƙafafu, a juya shi ya kalli bututun farfela domin famfon giris ya isa gare shi, a kuma sa shi a ɓangaren da ƙarfin tafiya gaba ke matsewa, ba wanda yake buɗewa ba, tun da ramin nan shi ne wuri mafi rauni a jikin kuros.

Idan aikin ya haɗa da sauya yok ɗin difaranshal, a yi hattara da babban notin finiyon. A aksil da yawa akwai wani zobe mai lotsewa a bayansa wanda ke ƙayyade matsin boris, kuma ɗaurin da ya wuce kima na ƙona boris ɗin cikin ɗan lokaci. A auna ƙarfin da ake buƙata wajen juya finiyon kafin a kwance, a mayar da shi daidai da abin da littafin motar ya ce, a sa sabon noti da sabon sil, wato robar da ke hana mai zuba. Wanda ba shi da ma'aunin wannan aiki ya bar wa makanikin da ke da shi.

Mataki na biyar: daidaita finiyon da ɗaurawa

A mota mai sifirin falle-falle, ana juya aksil ne da wejin ƙarfe da ake sawa tsakanin sifirin da mazauninsa. A zaɓi na ƙarfe, domin na alminiyom na fashewa, a tabbatar kusar tsakiyar sifirin ta ratsa shi ta zauna a gurbinta, a kuma sa sababbin kusoshin da ke rungume aksil. Idan gyaran ya yi yawa, gara a yanke mazaunin a sake walda shi a daidai. A mota mai naɗaɗɗen sifirin, hannuwan riƙe aksil masu ƙaruwa da raguwa ne ke yin aikin. Ga farfelar baya mai tagwayen kuros, a bar finiyon ƙasa da layin farfela da digiri 1 zuwa 2, musamman a sifirin falle-falle, domin idan an taka totur aksil na murɗawa finiyon ya ɗaga kai ya cike gurbin. A gaba lamarin ya fi wuya, domin juya aksil na rage kusurwar kasta wadda ke sa sitiyari ya dawo tsakiya motar ta miƙe a hanya. Idan dole sai an zaɓi ɗaya, kasta ce a gaba, domin ƙaramar karkarwa a giyar taya huɗu abin haƙuri ce, motar da ke yawo a titi kuwa haɗari ce.

Wajen ɗaurawa, a goge fuskokin filanji da mazaunin kofuna, a tabbatar kofunan sun zauna tsakanin ƴan ƙananan haƙoran yok kafin a ɗaure. Ƙarafan da ke rungume kofi da kusoshinsu a sa sababbi, a ɗiga musu maganin hana kwancewa, a ɗaure su bi da bi da sifana mai auna ɗauri. Idan lanƙwasassun kusoshi ne masu noti biyu, ɗaurinsu ba shi da yawa: kimanin niyutan-mita 19 zuwa 23 ga 1310 da 1330, da 27 zuwa 33 ga 1350 da 1410. Wuce haka na matse kofi ya hana allurai juyawa, kuma wannan na cikin dalilan da ke kashe sabon kuros cikin makonni. Ga kusoshin filanji a bi adadin da ke littafin motar.

Kafin a sauke motar, a bar aksil ya rataya iyakarsa, a juya farfela da hannu zagaye cikakke. Idan an ji ta cije a wani wuri, ko kunnuwa na taɓa juna, to kuros ya kai ƙarshen kusurwarsa, sai a sa bel mai taƙaita saukar aksil ko a nemi yok mai ba da kusurwa mafi faɗi. A duba kuma ba ta kusa da salansa, ko ƙarfen da ke ratsa shasi, ko tankin mai, aksil na sama ko na ƙasa.

Mataki na shida: giris da gwaji

A yi amfani da giris mai lamba NLGI 2 mai jure matsi, a riƙa bugawa har sabo ya fito ta robobi huɗu na kowane kuros. Idan uku suka fitar ɗaya ya ƙi, a motsa farfela a sake bugawa, domin wannan kofin ne zai fara bushewa. Ƙwallon da ke tsakanin tagwayen kuros na da nata ramin giris wanda yawanci sai da siririn baki mai kama da allura ake kai masa, kuma ita ce aka fi mantawa. Wurin zamewa bugu kaɗan ya ishe shi, domin idan aka cika shi maƙil giris ɗin zai hana shi matsewa.

A fara gwaji a ƙaramin gudu, a riƙa ƙarawa a hankali ana saurare. Karkarwar da ke zuwa idan an taka totur ta tafi idan an saki, yawanci finiyon ne ya yi sama da yawa. Wadda ke zuwa idan an saki totur na nuna ya yi ƙasa. Wadda ke ƙaruwa da gudu ko an taka ko ba a taka ba, ta fi kama da matsalar balansin ko lanƙwasar bututu, kuma wani lokaci kwance farfela a juya ta rabin zagaye a kan filanji na rage ta. Idan an rasa gane wace farfela ce, a motar da ake saka wa taya huɗu da hannu kuma mai filanji ko kafaffen yok, ana iya cire ta baya a yi ɗan gajeren gwaji da ta gaba kaɗai. Bayan tafiyar kamar kilomita 20 a tsaya, a kashe inji, a kusantar da bayan hannu ga kowane kofi. Ɗumi ba laifi ba ne, amma kofi ɗaya da ya fi sauran zafi sosai ya matse ko bai sami giris ba.

A sake bin dukan kusoshi da sifana mai auna ɗauri bayan fita ta farko zuwa daji, a kuma sake auna kusurwa bayan ƴan makonni, domin sabon sifirin na zama ya sauya lissafin. Duk ranar da motar ta ratsa ruwa mai zurfi ko laka, a yi wa kuros giris a ranar, kada a jira lokacin sabis. A akwatin kayan aikin motar kuma a ajiye kuros ɗaya na kowane girman da ke jikinta, da kilif da kusoshinsa, da soket biyun nan da aka matsa kofuna da su.